Yadda Ake Tara Tsofaffin Agogunan Ruwa a Accra, da Yadda Ake Sanin Kuɗinsu

A gidaje da yawa na Nima da Mamobi da Sabon Zango akwai agogon hannu da ya haura shekara hamsin yana kwance a ƙasan adaka, tare da tsohon fasfo da takardun fili. Wani tsarabar aikin hajji ne daga Jidda. Wani an saye shi a kantin UTC ko Kingsway, zamanin da su ne manyan kantunan gari. Wani kuma soja ne ya dawo da shi daga aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ko Labanan. Akasarinsu Seiko 5 ne da Rado da Orient da Citizen, masu ƙarko amma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Jefi-jefi sai a ci karo da Omega ko Tudor ko Rolex, wanda kuɗinsa zai iya sayen mota.

Abin da ke ci mini rai shi ne, makon farko da aka fito da irin wannan agogo ya fi yi masa ɓarna a kan shekaru arba'in da ya yi a ajiye. Yaro ya samu, ya wana, ya ɗaura ya yi alwala da shi saboda ya ga an rubuta mita 200 a fuskarsa, wato zurfin ruwan da aka ce yana iya jurewa. Gari na wayewa ya ga hazo a cikin gilashi, sai ya kai wa mai gyara a bakin titi. Mai gyara ya sa inji ya goge jikin har ya ɗauki ido, ya sake wa fuskar fenti, ya cire tsofaffin hannayen ya watsar. Agogo ya dawo fes, darajarsa kuwa ta tafi ba dawowa. Masu sayen tsohon agogo a kasuwar duniya, abin da hannu bai taɓa ba suke zuba wa kuɗi. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suka ginu.

Ka fara da zaɓen dangi ɗaya

Tarihin agogon da ruwa ba ya shiga ya kankama ne a 1926, lokacin da Rolex ya fitar da Oyster, wanda murfin bayansa da maɓallin waninsa duk murɗa su ake yi su kulle. A 1927 wata Baturiyar Ingila, Mercedes Gleitze, ta shafe sama da awa goma tana iyo da shi a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, ta fito yana aiki. Omega ya kawo Seamaster a 1948. A 1953 aka samu agogunan masu nutso na sosai, masu zobe mai juyawa a kewayen gilashi don ƙidayar mintoci a ƙarƙashin ruwa: Fifty Fathoms na Blancpain da Submariner na Rolex. Tudor ya biyo baya da nasa Submariner a 1954, Omega da Seamaster 300 a 1957, Rado da Captain Cook a 1962, sannan Seiko na Japan a 1965 da wanda ake kira 62MAS, mai mita 150.

Ba za ka iya sanin dukkansu ba, kuma wanda ya ce ya san su duka, shi ne farkon wanda za a damfara. Ɗauki dangi ɗaya ka bi shi har ka san shi ciki da bai. Shawarata ga mai farawa ita ce Seiko 6309, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1988, ko Omega Seamaster na ƙarfe na shekarun 1960, irin marar zoben nan da ake sawa da manyan kaya. Ana samunsu, kayan gyaransu ba su yi wuya ba, kuma in ka yi tuntuɓe asarar ɗaruruwan daloli ce. Tuntuɓe a kan Submariner 5513 na Rolex kuwa magana ce ta dala dubu goma zuwa sama.

Batun zinariya a bayyane yake gare mu: namiji musulmi ba ya sa ta. An yi dace kuma, a agogunan ruwa na ƙarfe ne masu tarawa suka fi nema. In ka samu na zinariya a kayan gado, duba hatimin da ke cikin murfin baya. Lamba 750 na nufin karat 18, 585 karat 14, 375 kuma karat 9. In an rubuta "plaqué" tare da wata lamba kamar 20, ruwan zinariya ne kawai aka yi masa. Ko wanne ne, kada a kai wa maƙeri ya auna ya narka kafin a binciki kuɗinsa a matsayin agogo.

Kayan aiki, da mutumin da ya fi kayan aiki

Kana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 10, da 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita, da ɗan ƙarfe mai baki biyu na cire sarƙa, da ƙaramin kamfas, da littafin rubutu. Duk ba su da tsada.

Mai wuyar samu shi ne mai gyaran agogo na kirki. Masu teburin gilashi suna nan birjik a wajen Makola da Tudu da Circle, haka ma Adum da Kejetia in ka je Kumasi, kuma a cikinsu akwai dattawan da suka yi shekara da shekaru suna kwance injin agogo. Sai dai yawancin aikin yanzu canjin batir ne da rage sarƙa. Ka zauna kusa da mutum ka ga aikinsa kafin ka miƙa masa abu mai daraja. Da me yake buɗe murfin baya? Murfin Rolex yana da nasa mabuɗin mai haƙora da ke zama daidai a kansa, wanda kuwa ya ɗauko almakashi ko kurfi da guduma, karɓi kayanka ka yi masa sallama. Yana kwance injin ne ɗaya bayan ɗaya ya wanke ya sa wa kowane gurbi mansa, ko tsoma shi yake yi gaba ɗaya cikin fetur ya busar? Yana rufe sassan daga ƙura? Yana da na'urar da ke sauraren bugun agogo ta nuna saurinsa? Fara ba shi Seiko 5 mai araha, ka ga yadda zai dawo da shi.

Inda ake samu, da haƙƙin da ke kai

Rolex ɗin da ake shanyawa a tire a bakin titi sababbin jabu ne, mai sayarwa ma ba ya musu. Na gaskiya a gidaje suke, sai hannun dillalai, sai masu gyara, sai kuma Jiji da Tonaton da Facebook, inda nagari da mugu suke cakuɗe. Hanyar da ta fi albarka ita ce mutane su san kana nema. Faɗa a majalisa, faɗa wa tela da wanzami, labari zai iso ka.

Amma kafin ka tambayi kuɗi, tambayi mai shi. Agogon mamaci dukiyar magada ce, ba ta ɗan da ya fara buɗe adaka ba. In yaro ya kawo maka, ka je gidan da kanka ka gaida manya, ka ce, "Hajiya, agogon marigayi Alhaji ne aka kawo mini. An raba gado ya faɗa rabon wani, ko har yanzu na kowa ne?" Haka wanda ke hannun mai gyara: da yawa na mutanen da suka kawo gyara ne ba su dawo ba, kuma daɗewa ba ta mayar da shi nasa. Wanda aka kankare lambarsa kuwa, ko mai shi yana sauri yana waige-waige, bar shi ko nawa ne. Mai tsada sosai ana iya bincika lambarsa a The Watch Register, wata ma'ajiyar lambobin agogunan sata da ke Landan, a kan kuɗi kaɗan.

Duba agogo: nan ne aikin yake

Kada ka duba da dare, kada ka duba a tsaye. Nemi inuwa mai haske, ka shimfiɗa hankici a kan tebur.

Fara da lambobi, domin su za su gaya maka abin da ya kamata ka gani a sauran jikin. A tsohon Rolex sai an cire sarƙa: lambar samfuri tana tsakanin kunnuwan da ke wajen ƙarfe 12, lambar agogon kansa tana wajen ƙarfe 6. Kamfanin bai taɓa wallafa jadawalin shekarun lambobinsa ba, masu tarawa ne suka haɗa nasu, kuma yana kai mutum kusa da shekarar. Lamba mai farawa da harafi ta soma ne a 1987, da harafin R. A cikin murfin baya na waɗanda aka yi kafin farkon shekarun 1970 akan ga hatimi irin "II.67", wato watanni uku na biyu na 1967. A Omega lambar samfuri tana cikin murfin baya, lambar agogon kuma a kan injin. Seiko ya fi kowa sauƙi: a bayan murfi akwai lamba huɗu, layi, lamba huɗu, na farkon su ne sunan injin. Sannan a lambar agogon, alƙalami na farko shi ne alƙalamin ƙarshe na shekarar da aka yi shi, na biyu wata, inda O da N da D suke tsaya wa Oktoba da Nuwamba da Disamba. Saboda haka 6309 da lambarsa ta fara da 2N, a Nuwamban 1982 aka yi shi, tunda tsakanin 1976 da 1988 aka yi irinsa. Duba ƙananan rubutun da ke can ƙasan fuska, ya kamata su ma su fara da 6309, injin ma haka.

Da ka san samfuri da shekara, sai ka nemi hotunan irinsa da manyan gidajen gwanjo suka sayar, ka ɗora naka kusa da su. Submariner 5513, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1989, ba shi da tagar kwanan wata, 1680 ne mai ita. Injin Omega 552 ba ya nuna kwanan wata, 565 yana nunawa. Tsohon Tudor kuwa za ka ga kambin Rolex a maɓallinsa da sunan Rolex a murfin baya, injin kuma na wani kamfani ne daban. Haka aka yi shi tun asali, kada ka ɗauka jabu ne. Kalmar "waterproof" ma alama ce: wajen 1970 kamfanoni suka bar ta suka koma "water resistant", don haka in ka gan ta a agogon da lambarsa ta ce 1980, akwai magana.

Jabu tsantsa bai kai haɗin gambiza haɗari ba, wato agogon da kowane sashensa na gaske ne amma daga agoguna daban-daban aka tattaro. Wannan ya ci har ƙwararru. A 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a gwanjon Geneva kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, sai a 2023 kamfanin Omega da kansa ya bayyana cewa harhaɗa shi aka yi. In haka ta faru a can, kai da ke zaune a benci a Mamobi ba ka da dalilin gaggawa.

Sai fuska, wadda ita ce mafi tsada a jikin tsohon agogo. Sa gilashin ƙara girma a kan rubutun. Na kamfani siriri ne, gefensa a tsaye, haruffan tsayinsu ɗaya. Wanda aka sake fenti za ka ga haruffan sun yi kauri, tawadar ta ɗan malala, layukan mintoci ba su hau daidai kan alamomin awa ba, wani lokaci ma an manta da "Swiss" ɗin da ke ƙasan ƙarfe 6. Akwai Seiko 5 da Citizen da Oris masu fuska ja ko kore shar da ake turowa daga Indiya da araha a intanet, kusan duk sabon fenti ne a kan gajiyayyen inji. Wani abu kuma da ya shafe mu nan: zafi da rana kan juya baƙar fuska ta koma ruwan ƙasa, kuma in ta juya bai ɗaya, masu tarawa suna ƙara mata kuɗi. Amma tabon ruwa daban ne. Shi dabbare-dabbare yake, ya fi yawa ta gefen maɓalli inda ruwan ya shigo, fentin ya kumbura ko ya ɓare. Dillali zai so ya sayar maka da na biyun da sunan na farkon.

Yanzu kunna tocilar. Farin abin da ke kan hannaye da alamomin awa, wanda ke haske cikin duhu, yana faɗin gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Agogunan Suwizalan daga wajen 1963 zuwa wajen 1998 da sinadarin tiritiyam aka yi su, shi ya sa ake ganin "T Swiss T" ko "Swiss T<25" a ƙasan fuska. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni, don haka agogon 1970 ba shi da sauran hasken dare. In ka haska shi zai ɗan amsa, kana kashe tocila ya dushe nan da nan. In kuwa ya ci gaba da haske kore shar na tsawon lokaci, an sake shafa masa sabo, ko an canja fuskar ko hannayen. Launin ma ya kamata ya yi kusa: in alamomin fuska sun koma kalar madarar gwangwani amma hannaye fari tas, hannayen baƙi ne a gidan. Waɗanda suka girmi 1963 kuwa da radiyam aka yi su. Shi haskensa ya mutu amma gubarsa tana nan, domin sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Kada ka buɗe irinsa da kanka, kada a kankare, kada a ajiye shi a ƙarƙashin matashi ko inda yara ke wasa.

Daga nan juya agogon ka dubi jikinsa ta gefe. Kunnuwa huɗun nan da ke riƙe sarƙa su zama kaurinsu ɗaya, gefunansu da kaifi. Wanda aka sha gogewa kunnuwansa sun sirance, sun yi sulɓi, ramukan da ke jikinsu sun lotsa. Ƙarfen da inji ya cinye ba ya dawowa. Ƙarce-ƙarcen yau da kullum ba aibi ba ne, ni na fi son in gan su. Gilashin roba da ya ƙarce shi ma ƙaramin abu ne, ana goge shi ko a canja. Zoben da ya koɗe ya yi toka-toka, in na asali ne, ya fi sabo kuɗi.

Ƙarshe a buɗe baya, a gabanka, a teburin mai gyaranka. Wanda ya hana a buɗe, ciniki ya ƙare. Kafin ka kalli injin, kalli ramin da robar tare ruwa take kwanciya. Gumin ƙasar nan mai gishiri yana taruwa a wurin shekara da shekaru, ya ci ƙarfen ya bar ƙananan ramuka baƙaƙe. Sau da yawa za ka tarar robar ta narke ta zama baƙin danƙo, ko ta bushe tana karyewa. Roba ana canjawa, amma in ramukan sun yi zurfi a inda take zama, agogon ya gama tare ruwa. A injin kuma nemi jan tsatsa, musamman a sandar maɓalli. Dubi cikin murfin: in akwai zagayayyen ƙarce, faifan da ke wana agogo da motsin hannu ya saki yana gugar murfi. Ƙananan kwanakin wata da aka rubuta da allura kuwa hannun masu gyaran baya ne, alamar an kula da shi.

In mai shi ya yarda, riƙe agogon kwana ɗaya ka gwada shi da agogon waya. Tsohon da ke ƙara ko rage daƙiƙa 20 zuwa 30 a yini lafiyarsa ƙalau. Mai gudu da mintoci, kusanta shi da kamfas: in allurar ta motsa, maganaɗisu ya kama shi, kuma cire shi aikin minti ɗaya ne. In an wana shi ya cika, ya kamata ya kai wajen awa 40 bai tsaya ba. Maganar da ake yi cewa Rolex na gaske hannun daƙiƙarsa ba ya tsalle, kada ka dogara da ita. Jabun yanzu ma suna tafiya sumul, kuma Rolex ya yi mai batir, Oysterquartz, daga 1977.

Ruwa

Mita 200 da ke rubuce a fuska labarin ranar da agogon ya bar masana'anta ne, da sabuwar roba. Ko a sabon agogo, mai mita 30 fantsalin ruwa kawai yake ɗauka, kuma ƙa'idar duniya ta ISO 6425 ba ta kiran agogo na masu nutso sai ya kai mita 100. Tsohon da ba a gwada ba, ɗauke shi a matsayin wanda ba ya tare komai.

Mu kuwa sau biyar a yini muke kai hannu ga ruwa har gwiwar hannu. Cire shi kafin alwala, ka sa a aljihun gaba, kada ka ɗora a kan katangar masallaci inda ake mantuwa. Lokacin ruwan Yuni, in hadari ya haɗo kana kan hanya, aljihu ya fi masa.

Akwai gwajin da za ka iya yi a wurin ciniki. Riƙe agogon a tafin hannu ko ka bar shi a rana kaɗan ya yi ɗumi, ka ɗiga ruwan leda mai sanyi a kan gilashin, ka jira minti ɗaya ka share. In hazo ya fito ta ciki, akwai danshi a agogon. Wannan bai nuna cewa yana tare ruwa ba, danshin da ya riga ya shiga kawai yake tonawa. Gwajin gaske sai da na'urar matsin iska, bayan an sa sababbin robobi a murfi da maɓalli da gilashi, kuma a maimaita duk shekara. Ko ya ci gwajin, ni ban yarda a shiga teku a Labadi ko Kokrobite da agogo mai fuskar asali ba. Roba kuɗinta kaɗan ne, fuskar 1968 kuwa ba a sake yin ta. Sayi Casio don wannan.

Wajen kulle maɓalli, danna shi a hankali ka ɗan juya baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka murɗa gaba. In ya yi tauri, tsaya, kada ka tilasta. Ranar da ka ga hazo a gilashi kuwa, a ranar za ka kai a buɗe a busar. Binne shi cikin shinkafa ɓata lokaci ne, tsatsa ba ta jira, balle in ruwan teku ne.

Yadda ake yanke kuɗi

Kuɗin da ake nema daban, kuɗin da aka biya daban. Abin da ka gani a Chrono24, shafin sayar da agoguna a intanet, yawanci fatan mai sayarwa ne. Nemi waɗanda aka riga aka sayar: a eBay akwai inda ake zaɓar su kaɗai, kuma gidajen gwanjo irin su Phillips da Christie's da Sotheby's da Bonhams suna barin sakamakon gwanjonsu a fili. Ka tuna kuɗin gwanjo ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, don haka abin da ya shiga hannun mai kaya bai kai haka ba. Ka tsaya kan cinikin watanni shida zuwa shekara ɗaya da suka wuce. Kasuwar ta yi tashin gwauron zabo har zuwa farkon 2022 sannan ta sauko, wanda ya riƙe farashin wancan lokaci zai sha mamaki.

Ga misali, da lambobin da na ƙirƙira don a gane hanyar kawai. A ce ka samu Seamaster biyar irin naka da aka sayar kan dala 700, 750, 800, 900 da 1,400. Duba na 1,400 ɗin, wataƙila da kwalinsa da takardunsa ya zo, ajiye shi gefe. Tsakiyar sauran wajen 800 ne. Naka yana bukatar wanki da mai, a ce 200. Maɓallinsa ba na asali ba ne, cire 50. In waje za ka sayar, la'ada da kuɗin aike, a ce 120. Saura 430, kuma ba ka fitar da ribarka ba tukuna. In don kanka kake so, kana iya haurawa kaɗan. A wurina fuska ce ke ɗaukar kaso mafi girma na daraja, sai jikin da ba a goge ba, sai hannaye da zobe, sai lafiyar inji, sai sarƙar asali. Kwali da takardar garanti mai lambar da ta yi daidai da ta agogon ƙari ne mai kyau, amma ba sa gyara fuskar da aka yi wa fenti.

Yi lissafinka da dala, ka juya zuwa sidi da farashin ranar, domin sidi ba ya zama wuri ɗaya. Sannan ka tabbatar da wane sidi ake magana. Tun canjin kuɗi na 2007 har yau dattawa da yawa da tsohon lissafi suke ƙirga, in Baba ya ce miliyan hamsin, sidi 5,000 yake nufi. Rubuta adadin a takarda ku duba tare.

Ba a cinikin biri a sama: kada ka tura ko sisi ta momo, ko da sunan kafin alƙalami, kan agogon da hotonsa kawai ka gani. Ku haɗu da rana a shagon mai gyara. In an daidaita, a rubuta takarda da sunan mai sayarwa da lambar Ghana Card ɗinsa, da samfuri da lambar agogo da kuɗin, shaidu biyu su sa hannu.

Wata rana za ka zauna gaban tsohuwar da ta ce a ba ta sidi 300 kan abin da ka san ya kai dubban daloli. Gaya mata gaskiya. Ka ce, "Hajiya, wannan ya fi haka nesa ba kusa ba. Ga abin da zan iya bayarwa, in kuma kin fi so in nemo mai saye a ba ni la'ada, to." Za ka ci riba duk da haka, kuma gidaje goma za su buɗe maka adakarsu saboda wannan. In kai ne mai sayarwa, faɗi duk abin da aka canja. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan algus bai ware agogo ba. Wanda kuma ya tara su don kasuwanci, ya tambayi malaminsa yadda zakkarsu take.

Gyara da ajiya

Agogon da ya daɗe a kwance, kada a yi ta wana shi, man cikinsa ya bushe, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Kai shi wanki tukuna, sannan duk bayan shekara biyar ko makamancin haka. Ka faɗa wa mai gyara da baki, ka kuma rubuta masa: kada a goge jiki, kada a taɓa fuska da hannaye, duk abin da aka cire a dawo maka da shi a 'yar leda. Ko cibiyar kamfani za ka aika a waje, ka rubuta haka, domin al'adarsu ce su sauya tsofaffin sassa da sababbi. A masu tagar kwanan wata, guji canja kwanan tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba a agogon, lokacin haƙoran suna cikin aiki.

Iskar Accra danshi ne da gishiri, Kumasi ma danshin bai bar ta ba. Sami roba mai murfi da ke kamawa gam, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa sauya su. Maɗaurin fata yana yin fumfuna, ajiye shi daban. Wanda ke zaune kusa da babbar kwatar Nima ko Alajo ya san inda ruwa ke kaiwa, saboda haka saman kabad, ba ƙasan gado ba. Da hunturu kada a buɗe murfi a fili, ƙurar tana shiga ko'ina. In ka cire agogo da yamma, share gumin bayansa da busasshen ƙyalle, ka nisanta shi da lasifika da murfin waya mai maganaɗisu. Mai batir da ba a sawa, a cire batirin kafin ya zubo ya ci injin.

Kowane agogo ka buɗe masa shafi a littafinka: samfuri, lamba, daga wa ka saya, nawa, me aka gyara kuma yaushe. Ɗauki hoton fuska da baya da inji da lambobin, ka ajiye kwafi a wani wuri daban da inda agogunan suke. In aka yi sata, lambar nan ita ce abin farko da 'yan sanda za su tambaya, ita ce kuma za ka tura wa The Watch Register da dillalan da ka sani a Accra da Kumasi tun a ranar.